Dutsen Murhu Na Uku

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce malaminku ya karantar da ku wani Bafaranshe, Levi-Strauss, wanda ya ce ɗan Adam bibbiyu yake raba duniya: ɗanye da dafaffe, gari da daji. Shi ne kake tambaya, tunda aure ma tsakanin gida biyu ne, me zai hana ka je wurin mahaifin yarinyar da kanka, sai lallai an tura ni?

Bafaranshen bai yi ƙarya ba. A baki, bibbiyu muke kirgawa: dama da hagu, sarki da talaka, Hausa Bakwai da Banza Bakwai. Amma leƙa madafin Innarka ka ƙirga duwatsun murhu. Ɗora tukunya a kan biyu ka ga inda miyar za ta kwana.

Ranar kasuwa a Kumo, ka tsaya wajen 'yan shanu. Mai sa ba ya faɗa wa mai saye kuɗi kai tsaye. Dillali ne zai ja wannan gefe, ya ja wancan, har a sallama, ya karɓi la'adarsa. Ba don su biyun ba su iya magana ba ne. Idan mai saye ya taya da wulaƙanci, dillali ke haɗiye maganar, ya kai ta da laushi, kowa ya tashi da mutuncinsa. Haka biko: matar da ta yi yaji, miji ba ya zuwa shi kaɗai, sai da dattijo.

To, ka ɗauka ka je da kanka, mutumin nan ya ce a'a. Da wane ido za ku sake kallon juna a masallaci? Ni kuwa in ya ce mini a'a, sai mu ci goro, in tambayi dalili, in koma bayan mako biyu. A'ar da aka faɗa wa wakili ba ta bushewa da wuri.

Addini ma bai bar mu da biyu ba. Hadisi na 6 cikin Arba'una na Nawawi ya nuna halal a fili yake, haram a fili yake, tsakaninsu akwai shubuha. Igiyar aure uku ce, don a bar ƙofar kome har sau biyu. Sallama a ƙofar gida sau uku, in ba a amsa ba ka juya. Kada dai ka ɗauka kowane uku alheri ne. Ka san abin da mace ke nufi in ta ɗora hannu a ka ta ce ta shiga uku.

Ka zo Gombe ranar Alhamis. Juma'a bayan la'asar ni da Kawunka za mu je, kai kuma ka zauna a gida. Ka taho da kuɗin goro da alewa, kada ka ce ka manta.