Amfilifayar da ta dace da faifan garmaho

Malam, kan tambayarka ta amfilifayar (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da za ta kunna faya-fayan Baba: nemi mai ramin "Phono" a baya. Sautin allura ba shi da ƙarfi, wannan ramin ne ke ɗaga shi ya fito da kauri. Tsofaffin Pioneer da Sansui na shekarun 1970 suna da shi, kuma ni su na fi so.

Don Allah kafin ka jona wuta, karanta ƙarfin wutar da aka rubuta a bayanta. Kayan Amurka 120V ne, na Japan 100V, wutarmu kuwa 230V, nan take za ta ƙone su. Kai wa mai gyaran rediyo a Sabon Gari ya canza kafasitocin (ƙananan gwangwanayen da ke tara wuta a cikinta) da suka kumbura, ya goge ƙurar hunturu. In tana gurnani, ɗaura siririyar wayar garmahon a ƙusar da aka rubuta wa GND a bayan amfilifayar.