Injiniya zai iya shugabancin ƙasa?

Ƙanena, ka ce kana karatun injiniya a nan Sakkwato, kana tambaya ko an taɓa samun injiniyan da ya jagoranci gwamnati. An samu mana! Dubi Necmettin Erbakan na Turkiyya. Injiniyan injuna ne, ya yi digirinsa a Istambul a 1948, ya ƙaro ilimi a Aachen ta Jamus, ya dawo ya kafa masana'antar injin dizal, irin mai ja wa manoman fadamarmu ruwa. Sai 1969 ya shiga majalisa yana wakiltar lardin Konya. Firaminista kuwa sai 1996, yana dab da shekara 70, ka ga ba dare ɗaya ba ne. Shekara guda kacal ya yi, sojoji suka matsa masa ya sauka. Amma kafin nan ya kafa ƙungiyar D-8, ta haɗin gwiwar tattalin arzikin ƙasashe takwas masu tasowa, har da Najeriya a ciki.