Tambaya da Amsa: Ɗalibin Ilimin Halayyar Ɗan'adam da Aikin Sa-kai

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan batu ɗaya, wato aikin sa-kai da ɗaliban ilimin halayyar ɗan'adam ke fita yi a cikin jama'a kafin su gama jami'a. Mun zaɓi huɗu.

Tambaya: Ina aji uku a jami'a, a Jos. Ina son in yi aikin sa-kai a sansanin 'yan gudun hijira idan an yi hutu. Ta ina zan fara, kuma me aka yarda in yi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba da lada, amma kada ki ɗauki jaka ki nufi sansani ke kaɗai. Ki fara karɓar wasiƙa daga sashenku mai ɗauke da sunanki da ajinki da sa hannun shugaban sashe. Sannan ki nemi ƙungiyar da ta riga ta kafu a wurin, kamar reshen Red Cross na jihar, domin hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha da shugabannin sansani ne ke ba da izinin shiga, kuma da ɗan gari akan ci gari. Kafin ranar farko, ki san sunan ƙwararren da zai riƙa duba aikinki, ki karɓi lambarsa, ku tsayar da rana ɗaya a mako da za ku zauna ko da na rabin awa ne. Idan ƙungiya ta ce ba ta da irin wannan mutum, ki nemi wata. Awa huɗu zuwa shida a mako na tsawon wata uku sun fi amfani a kan mako guda na aiki ba dare ba rana.

Abin da ya dace da matakinki shi ne taimakon farko na kwantar da hankali, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarsa a 2011. Ginshiƙansa uku ne: duba, saurara, haɗa. A ce kin tarar da mace zaune a bakin tanti, goyo a baya, ta ƙura wa ƙasa ido, an raba abinci ba ta tashi ba. Ki yi sallama, ki durƙusa daidai da ita, ki faɗi sunanki da abin da ya kawo ki. Ki tambaye ta ko ta sha ruwa, ko yaron ya samu nono, ko akwai wanda take nema. In ta yi shiru, ki bar shirun. In ta ce mijinta ya ɓace a hanya, aikinki shi ne ki raka ta wurin masu rajistar neman dangi, ki kuma dawo ranar da kika ce za ki dawo.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne cewa, "Inna, ba ni labarin duk abin da ya faru." Matsa wa mutum ya maimaita abin firgici dalla-dalla a zama ɗaya ba ya rage ciwon, wani lokaci ma fama shi yake yi, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar yin haka. Na biyu shi ne laƙaba wa mutum sunan cuta don kin karanta alamominta a aji. Wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne da ƙwararren da ya yi horon asibiti. Ba da magani kuwa, ko fanadol ne, ba hurumin ki ba ne.

Akwai abubuwan da ba a kwana da su. Wanda ya ce gara ya mutu, wanda ke jin muryoyin da babu mai jin su, uwar da ta daina kula da jaririnta, wanda ya yi kwanaki ba ci ba sha, da yaron da aka ci zarafinsa. A ranar za ki sanar da mai duba aikinki. Idan maganar kashe kai ce, ki tambaya kai tsaye cikin taushin murya, tambayar ba ta saka wa mutum tunanin da ba shi da shi. Kada a bar shi shi kaɗai, a sa dangi su kawar da fiya-fiya da maganin ɓera daga ɗakin, a kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato.

Tambaya: Ni da abokan ajina mukan kai ziyara gidan marayu sau ɗaya a zango, mu raba biskit da sabulu, mu yi wasa da yara. Wannan ya isa a kira shi horo?

Amsa: Ɗan'uwa, sadaka ce mai kyau, amma ba horo ba ce. Kun karanta aikin John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya, kan shaƙuwar yaro da mai rainonsa. Ƙaramin yaron da ya rugo ya rungume ƙafarka alhali bai taɓa ganinka ba, ba lallai ne fara'a ce kawai ba, sau da yawa alama ce ta wanda bai samu hannu ɗaya tsayayye ba. Baƙin da ke ɗaukarsa awa biyu su ɓace suna ƙara masa wannan ne. Ku bar jarirai ga masu rainonsu. Ku ɗauki 'yan shekara 7 zuwa 12, kowane ɗalibi da yara huɗu ko biyar, minti 45 na karatu da aikin gida, rana ɗaya tsayayyiya kowane mako. Saura mako uku ku gama, ku gaya musu ranar da za ku daina zuwa. Kada ɗayanku ya keɓe da yaro a ɗaki a rufe, kuma fuskar maraya ba ta hawa Facebook.

Tambaya: Ina son in yi amfani da takardar tambayoyi ta PHQ-9, mai auna alamomin ciwon damuwa, ga matan unguwar da nake aikin sa-kai, don aikin bincikena na ƙarshe. Akwai laifi?

Amsa: Akwai, idan ba su san kin sauya riga ba. Sun sake da ke ne a matsayin mai taimako, ba mai bincike ba. Ki samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku, ki gai da mai unguwa, sannan ki bayyana wa kowace mace cewa tana da damar ƙi, kuma ƙin ba zai hana ta komai ba. Lamba za ki rubuta a takarda maimakon suna. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba da muhimmanci ga mutunci da sirrin mai lalura.

Takardar tambayoyi tara ce a kan mako biyun da suka wuce, kowace maki 0 zuwa 3, jimla 27. Maki 10 zuwa sama na nufin a tura mutum a duba shi, ba hukunci ba ne cewa yana da ciwon damuwa. Tambaya ta tara a kan tunanin mutuwa take, don haka kada ki fara sai kin san inda za ki kai wadda ta amsa da e. Sai kuma harshe, inda bincike da yawa ke lalacewa. Mutanenmu sukan ce "tunani ya yi min yawa", "ƙirjina ya yi nauyi", "jikina ya mutu". Idan sai kin fassara da kanki, ki ba wani ya mayar da Hausar zuwa Turanci ba tare da ya ga asalin ba, ku gwada biyun. Wadda ba ta karatu, ki karanta mata a keɓe, ba a gaban kishiya ko suruka ba.

Tambaya: Ɗana ɗalibi na zuwa aikin sa-kai a wata cibiyar masu daina shaye-shaye, ba a biyansa ko sisi. Kwanan nan ya rage magana, barci ma ya yi masa wuya. In hana shi?

Amsa: Baba, aikin ba ɓata lokaci ba ne. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya fara ajiye marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta tare da danginsu, don ya gane jinya ba ta ƙare a bangon asibiti. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci su saurari masu damuwa zama shida, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna an samu sauƙi sosai. Abin da ɗanka ke koyo a can, sauraro da haƙuri da sanin iyakarsa, allo ba ya koyar da shi.

Amma abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma ka kyauta da ka sa ido. Mai yawan jin baƙin cikin mutane yakan kwaso wani ya zo da shi gida. Kada ka tambaye shi labarin mutanen cibiyar, amana ce a wuyansa. Ka tambaye shi awa nawa yake yi, da kuma ko akwai babba da ke zama da shi duk mako. Ya rage zuwa kwana biyu, ya daina ba da lambar wayarsa ga masu jinya, ya koma ƙwallonsa da zama cikin abokai. Idan bayan mako biyu barcin bai dawo ba, ko ya fara ƙin abinci, ya dakata da zuwa, ka raka shi cibiyar ba da shawara ta jami'arsu ko asibitin koyarwa mafi kusa.