Na kasa cika kuɗin fili, kafin alƙalamina ya tafi ke nan?

Tambaya: Barista, na yi cinikin fili a Kano a kan naira miliyan 10, na ba da miliyan 3 kafin alƙalami. Takardar da muka sa wa hannu ta ce in ban cika cikin wata biyu ba, kuɗin sun zama na mai fili. Ban samu cikawa ba, shi kuma ya sayar wa wani har da riba. Ina da sauran haƙƙi?

Amsa: Malam, kana da abin faɗa a kotu, duk da hannun da ka sa.

Alƙali zai fara tambayar matsayin kuɗin. In somin biya ne kawai, naka ne, a cire asarar mai fili a ba ka saura. In kuwa kuɗin tabbatar da ciniki ne, dokar da muka gada daga Ingila ta yarda mai kaya ya riƙe su ko bai yi asarar sisi ba. Takardarka ta fi kama da wannan na biyun.

Sai dai abin yana da iyaka. A 1993 wata shari'ar fili daga Jamaika ta kai gaban alƙalan majalisar Sarauniya a Landan. Banki ne mai sayarwa, ya karɓi kashi 25 cikin 100 na kuɗin a matsayin kafin alƙalami, mai saye ya makara wajen cikawa, bankin ya riƙe kuɗin. Alƙalan suka ce abin da aka saba kashi 10 ne, wanda ya karɓi fiye da haka sai ya kawo dalili na musamman, in ba haka ba tara ce aka sake wa suna. Suka sa a mayar da kuɗin duka, ban da asarar da bankin zai iya tabbatarwa. Hukuncin bai ɗaure kotunanmu ba, amma suna ba irinsa nauyi. Naka kashi 30 ne, ga shi mutumin riba ma ya ci. A ganina nan ƙarfinka yake.

In ku biyun Musulmi ne, kotun shari'ar Musulunci za ta fi maka sauƙi. Malikiyya ba su yarda mai kaya ya cinye kafin alƙalami don ciniki ya rushe ba, Hambaliyya ne suka halatta, kotunan Kano kuwa da Malikiyya suke hukunci.

Ka adana takardar da rasit, ka nemi shaidar farashin da ya sake sayarwa, sannan lauya ya rubuta masa wasiƙa kafin a shigar da ƙara.