Zargi, tuhuma da horo: amsar tambayoyinku kan ƴan ƙwallo da shari'a

Saƙonnin da suka iso mini a wannan mako kusan duk a kan ƴan ƙwallon Turai suke, waɗanda suka faɗa hannun hukuma. A fadodin shayi na nan Tawa, idan irin wannan labari ya fito, gardama kan kaure har dare ya raba. Na zauna na saurara sau da yawa, na kuma gane cewa rabin gardamar a kan kalmomi take. Shi ya sa na ware wannan fili dominta.

Wani ɗalibi daga nan cikin gari ya rubuto: "Malam, mi ya raba zargi da tuhuma? Wata rediyo ta ce ana zargin Benjamin Mendy, wata ta ce ana tuhumarsa, abokina kuma ya ce ai duk mai laihi ne."

Ɗana, abokinka ya yi kuskure, kuma kuskure mai cutarwa. Zargi kalmarmu ce ta gado, kowa na iya yin sa: maƙwabci, kishiya, ɗan jarida. A kunnena tana da dangantaka da zarge, igiyar nan da ake zarga wa dabba a wuya. An rataya maka abu ke nan, ba a kai ga ja ba tukuna. Tuhuma kuwa daga Larabci muka aro ta. A bakin jama'a takan zama zargi mai ƙarfi, amma a harshen shari'a tana nufin hukuma ta bincika, ta ga akwai abin da ya isa a gurfanar da mutum gaban alƙali ya amsa. Laifi, ko laihi kamar yadda muke faɗi a Adar, shi ne mataki na uku, kuma ba a kiran mutum mai laifi sai kotu ta kama shi da shi.

Dubi labarin Mendy ɗin da kanka. A watan Agusta na 2021 aka tuhume shi da fyaɗe a Ingila, Manchester City ta dakatar da shi nan take, aka tsare shi har Janairun 2022 kafin a ba da belinsa. Irin wannan tsarewa ta kafin shari'a ita ce magabatanmu ke kira waƙafi, ita ma daga Larabci, ma'anarta tsayarwa. An yi shari'a sau biyu a birnin Chester, a Janairu da Yuli na 2023 aka kammala, ba a same shi da laifi ko ɗaya ba. Ya koma Faransa ya shiga ƙungiyar Lorient. A Nuwamba 2024 kotun ma'aikata ta ce tsohon kulob ɗinsa ya biya shi mafi yawan albashin da ya riƙe masa. Duk wanda ya kira shi mai laifi a 2021, me zai ce yanzu?

Sai dai ina da ja a kan kalmar da gidajen rediyo suka yi amfani da ita a lokacin, wato "an wanke shi". Wanki a Hausa yana da nauyi. Idan aka wanke tufa, datti ya fita, kowa ya ga fari. Abin da kotu ke faɗi ya fi wannan ƙunci: hujjar da aka kawo ba ta isa a ɗaure mutum ba. Na ji matasa suna ɗaukar "wanke" su mayar da ita sanda, suna kiran matan da suka kai ƙara maƙaryata, alhali kotu ba ta faɗi haka ba. Ni dai na fi son a ce "kotu ba ta same shi da laifi ba". Ta fi tsawo, amma ba ta zalunci kowa ba.

Hausawa sun ce shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Dani Alves na Barazil an kama shi a Barsalona a Janairun 2023 kan zargin fyaɗe, ƙungiyarsa ta Pumas ta Meksiko ta soke kwantiraginsa a ranar. A Fabrairun 2024 aka yanke masa shekara 4 da wata 6. Ya fita a kan belin Yuro miliyan 1, kusan sefa miliyan 656, bayan wata 14 a tsare. A Maris 2025 babbar kotun yankin Kataloniya ta soke hukuncin, masu gabatar da ƙara suka ce za su ɗaukaka ƙara. Mai ba da labari na gaskiya sai ya canza kalma a kowane mataki. Haka kuma idan hukunci ya tabbata, kada a koma ana cewa "zargi" don ana son ɗan wasa. Robinho kotun Milan ta yanke masa shekara 9 a 2017 kan fyaɗe, kotun ƙoli ta Italiya ta tabbatar a 2022, ya shiga gidan kaso a Barazil a Maris 2024. Wannan laifi ne, kuma sassauta kalmar cin fuska ne ga matar da aka cuta.

Abin yana taɓa ni ne saboda wani yaro da na koyar shekarun baya, mai tsaron gida a wata ƙaramar ƙungiyar unguwa. Waya ta ɓace a wurin atisaye, aka ce shi ne, ya kwana biyu a komisariya, aka sake shi domin babu hujja. Ƙungiyar ba ta sake sa shi wasa ba, kuma har ya bar garin yara suna kiransa da sunan da ba zan maimaita ba. Babu alƙalin da ya hukunta shi. Bakin mutane ne ya tsallake matakai biyu.

Wata malamar makaranta daga Madawa ta tambaya: "Idan hukumar ƙwallo ta hana ɗan wasa wasa, hukunci za mu ce ko horo? Kuma mi ya sa mai koyar da ƴan wasa ake ce masa mai horarwa?"

Malama, tambayarki ta biyu ita ce mabuɗin ta farko. Horo kalma ce mai fuska uku. Akwai horon doki ko na ɗan kokowa, wato a saba masa da aiki har ya ƙware. Akwai horo na umurni, kamar yadda malamai ke cewa horo da kyakkyawa da hani da mummuna. Akwai kuma horo na ladabtarwa, wanda uba ke yi wa ɗa. Bahaushe bai raba su ba domin a tunaninsa manufarsu ɗaya: a gyara wanda yake naka, ya dawo hanya. Hukunci kuwa daga Larabci yake, dangin hakimi da hukuma, kuma aikin mai iko ne a kan kowa, naka da bare. Ladabtarwa ita ma aro ce, daga ladabi.

Saboda haka abin da kulob ko hukumar ƙwallo ke yi, ko FENIFOOT ce a nan gida ko ta wata ƙasa, horo ya fi dacewa da shi. Ivan Toney, lokacin yana Brentford, hukumar ƙwallon Ingila ta dakatar da shi wata 8 a Mayun 2023 saboda karya dokar caca sau 232. Caca a kan wasanni ba laifi ba ce a dokar ƙasar ga sauran mutane, ɗan wasa ne aka haramta wa, don haka ba alƙalin kotu ne ya zauna a kansa ba. Sandro Tonali na Newcastle ma wata 10 hukumar Italiya ta ba shi a Oktoban wannan shekarar. Dukansu sun dawo fili. Wani lokaci kuma mutum ɗaya yakan sha biyun. Kurt Zouma, da bidiyonsa ya fito a Fabrairun 2022 yana shurin kyanwarsa, West Ham ta yanke masa albashin mako 2, wannan horo ne. Kotu ta sa shi aikin al'umma na awa 180, ta hana shi kiwon kyanwa shekara 5, wannan hukunci ne.

Ki kula kuma da dakatarwa. Daga dakata take, wato tsaya ka jira. Wanda aka dakatar ana sa ran ya dawo. Wanda aka kora an rufe masa ƙofa. Sallama tana tsakani, rabuwa ce da ake yi da ɗan mutunci. Inda nake da damuwa shi ne dakatarwar da ake yi tun kafin shari'a. Na fahimci dalilin kulob, yana kare sunansa da zukatan magoya baya, wani lokaci ma yana kare wadda ta kai ƙara. Amma shekarun ɗan ƙwallo ƙidayayyu ne. Idan "jira" ta kai shekara biyu, ta tashi daga dakatarwa ta zama hukunci ba tare da alƙali ba, kuma ya kamata masu yin ta su san nauyin abin da suka ɗauka.

Wani mai kabu-kabu a Yamai ya ce ya ji an ce an yi wa Messi "ɗaurin talala", yana son ya san ma'anarta.

Ƙanena, wanda ya faɗa maka ya haɗa abu biyu. Talala doguwar igiya ce da ake ɗaure dabba da ita don ta yi kiwo ba tare da ta yi nisa ba. Ɗaurin talala shi ne a tsare mutum a gida ko wani wuri, yana motsi amma ba ya fita. Shi aka yi wa Ronaldinho a ƙasar Paraguwai a 2020 kan fasfo na jabu: kwana 32 a tsare, sannan watanni a otal a birnin Asunsiyon har zuwa Agusta. Na Messi daban ne. A 2016 kotun Barsalona ta yanke masa wata 21 kan haraji, bai shiga kaso ba, daga baya aka mayar da shi kuɗi. Ɗaurin da aka yanke aka jingine, da sharaɗin kada mutum ya sake, shi ƴan jarida suka raɗa wa je-ka-gyara-halinka, kuma raɗin ya yi kyau. Irinsa kotun Basai ta Faransa ta yi wa Karim Benzema a Nuwamba 2021, shekara 1. Kaso ɗin nan da muke faɗi a Nijar daga Faransanci ya zo. Ƴan'uwanmu na Nijeriya sun fi cewa gidan yari, yari kuwa sarauta ce ta mai kula da ɗaurarru a fadar sarki.

Wani dattijo daga Ƙonni ya aiko da magana mai nauyi: "Malam, ruwa ba ya tsami banza. In ba su yi komi ba, mi ya sa kullum su ake kamawa?"

Baba, karin maganar gaskiya ce, amma a duba iyakarta. Ta ce tsami yana da dalili. Ba ta faɗi dalilin ba. Yana iya zama ɗan wasan ya aikata, kuma sau da yawa haka ne: yaro ɗan shekara 20 da kuɗin da ba a taɓa gani a gidansu ba, kewaye da masu ce masa komai ya yi daidai, babu kawu ko baffa a kusa da zai tsawata masa. Yana iya zama kuma gaba ce, ko kuskuren shaida. Karin magana tana buɗe bincike ne, ba ta rufe shi. Malaman fiƙihu sun koya mana cewa kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa.

Akwai kishiyarta da matasa ke jefowa: zato zunubi, ko da ya zama gaskiya. Tushenta Suratul Hujurat ne, aya ta 12, inda aka ce sashen zato zunubi ne. A lura, sashe aka ce. Ina jin zafi idan na ga ana amfani da wannan karin magana don toshe bakin wadda ta zo da kuka. Wadda ta je gaban hukuma ta ce an cuce ta ba zato take yi ba, ƙara ta kai, kuma hakkinta ne a saurare ta har ƙarshe. Zaton da aka hana shi ne namu, mu da ke zaune a Tawa muna yanke wa mutumin da ke Ingila hukunci tun kafin shayi na biyu ya nuna.

Tambaya ta ƙarshe gajeriya ce, daga wata ɗaliba: yaya za a bambance tara ta kuɗi da tara ta lissafi a rubuce? Ƴata, a baki ba sa rikicewa, domin ta lissafi gaɓarta ta farko gajeriya ce, ta kuɗi kuma ana jan ta, karin sautinta ma ya bambanta da na tara kaya wuri ɗaya. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna wannan, don haka ki jingina da kalmar da ke kusa: a ce "an ci shi tara" ko "ya biya tarar kaza", lissafi kuma a sa shi da lamba. Misali: a Janairun 2019 Cristiano Ronaldo ya amince a gaban kotun Madrid ya biya tara da bashin haraji na Yuro miliyan 18.8, wato sama da sefa miliyar 12.