Amsa ga ƙanenmu kan injin samfefa mai bel da ya yi wa teburinsa rami

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida manyanmu da ke cikin wannan zaure, da sauran 'yan'uwa kafintoci. Na saurari saƙon ƙanenmu wanda ya ce ya sayi injin samfefa mai bel na gwanjo, wato mai juya samfefar da aka haɗe bakinta biyu kamar bel, ya gwada shi a kan saman teburin madaci, sai ya bar masa ramuka da tabon ƙuna, kuma bel ɗin yana ta zamewa gefe har ya yage. Yana tambaya ko injin ne ya lalace.

Ƙanena, a ganina injinka lafiyarsa ƙalau, abin da ya rage shi ne ka san halinsa. Babba daga cikin irin waɗannan injuna, mai bel ɗin da faɗinsa ya kai milimita 100 da tsawon 610, yana iya jan samfefa mita 500 a minti ɗaya, wato sama da mita 8 a kowace daƙiƙa, kuma nauyinsa ya kusa kilo 6. Saboda haka duk inda ka tsaya da shi, ko da na ƙiftawar ido ne, sai ya ci wurin. Mu da muka taso da samfefar hannu mun saba da danne ta da ƙarfi domin ta yi aiki, kuma wannan ɗabi'ar ce take ɓata mana katako idan muka koma kan inji. Nauyinsa kaɗai ya isa. Idan ka danne shi, gudunsa yana raguwa, yana ɗaukar zafi, samfefar tana toshewa, katakon kuma yana ƙonewa, kuma daga nan ne baƙin tabon da ka gani ya fito.

Ga yadda nake yi, kuma haka nake koya wa yaran shagona. Na farko, ina ɗaukar fensir in zazzana dukan fuskar katakon daga wannan baki zuwa wancan. Sai in riƙe injin da hannu biyu, in kunna shi yana sama bai taɓa katako ba, in jira ya kai cikakken gudunsa, sannan in sauke shi a hankali a kwance, hannuna kuma ya riga ya fara tafiya da shi kafin ya gama sauka. Ina bin zaren katakon, wato layukan nan da ke bin tsawonsa, in je in dawo, kowane zuwa yana hawa kan rabin wurin da na baya ya bi. Ba na karkata shi gefe domin in ci wani tudu da sauri, domin bakin bel ɗin yana yanka kamar wuƙa, kuma ramin da ya yi sai an rage dukan fuskar teburin kafin ya ɓace. Idan na iso bakin katako, ba na barin fiye da kashi ɗaya cikin uku na injin ya fita waje, in ba haka ba zai rinjaya ya cinye bakin. Da zarar zanen fensirin ya goge gaba ɗaya, na san na bi ko'ina daidai, sai in ɗaga injin sama tukuna kafin in kashe shi. Bayan haka ina ɗora rula mai tsawo a kan katakon in duba ta ƙasanta, duk inda haske ya ratsa to akwai kwari a wurin.

Teburinka bai lalace ba. Ka sake zana shi da fensir, ka bi dukan fuskar da samfefa mai lamba 80 har zanen da ke cikin ramukan ya fita, kada ka tsaya a kan ramin kansa kana nema ka goge shi.

Maganar lamba kuwa, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Lamba 40 da 60 na katakon da ya fito daga zarto ne ko wanda ake son cire masa tsohon fenti, 80 ita ce ta yawancin aiki, sai 100 da 120 na laushi. Kada ka yi tsalle daga 60 zuwa 120, domin 120 ba za ta iya goge sawun 60 ba, kuma sawun ba ya bayyana sai ranar da ka shafa banish, lokacin da gyara ya yi wuya. Ni a 120 nake ajiye wannan inji, in ƙarasa da hannu da 150 ko 180. Filawud kuma, da duk katakon da aka lulluɓe da siririn ɓawon ado, ina ba ka shawara ka nisanta injin daga gare su, saboda kaurin ɓawon sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba.

Zamewar bel abu ne mai sauƙi. A gefen injin, kusa da tayar gaba, akwai wani ɗan maɓalli da ake murzawa, aikinsa shi ne daidaita bel ɗin a tsakiya. Ka kifar da injin ka riƙe shi da kyau, ka kunna, ka riƙa murza maɓallin kaɗan-kaɗan har bel ɗin ya daina gudu gefe. Ka kuma duba cikin bel ɗin, idan akwai kibiya a jiki to dole ta fuskanci inda kibiyar injin ta nuna, domin wanda aka ɗora bakinsa ɗaya a kan ɗaya yana ɓallewa idan aka sa shi a baibai. Ka tabbata girman da ka saya shi ne na injinka, domin mai faɗin milimita 75 da tsawon 457 daban yake da mai faɗin 75 da tsawon 533. Bel ɗin da ya daɗe a ajiye cikin zafi ko danshin damina ma yakan saki a mahaɗarsa, don haka ba na sayen da yawa in jibge. Kafin ka taɓa bel domin canzawa, ka zare filogi daga soket, kada ka dogara da makunni kawai. Tunda kuma na gwanjo ne, ka karanta rubutun da ke jikinsa, domin waɗanda aka yi don Amurka na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, tamu kuwa 230 ce.

Yanzu ina roƙon kowa a zauren nan ya ba ni hankalinsa, domin abin da zan faɗa ya faru a shagona. Injin yana da wani maɓalli da ke kulle makunni domin kada yatsa ya gaji. Wata rana ina aiki da shi a kulle sai aka ɗauke wuta, na ajiye shi a kan benci na fita, ban tuna na saki makullin ba. Da aka tayar da janareta, injin ya tashi da kansa, ya ruga a kan bencin ya faɗo ƙasa, tazarar da ke tsakaninsa da ƙafar yarona ba ta kai taku ɗaya ba. Laifina ne, kuma har yau idan na tuna gabana yana faɗuwa. A wurin da wuta ke zuwa tana tafiya ba sallama, dole ne duk lokacin da aka ɗauke ta ka saki makullin, ka zare filogi, ka kwantar da injin a gefensa. Kafin ka sake jonawa kuma ka danna makunnin ka saki, ka ji da hannunka cewa a kashe yake.

Injin yana jan kansa gaba ne, yana tura katakon baya, wato wajen cikinka. Saboda haka ka ɗaure katakon da kilam, ko ka buga wani guntun katako da bai kai shi kauri ba a bayansa ya tokare shi, kuma kada ka sa yaro ya riƙe maka da hannu. Ka naɗe hannun riga, ka cire carbi da duk wani abu mai lilo, babbar riga ko jallabiya kuwa ba kayan wannan aiki ba ne. Wayar injin ka ratayo ta a kafaɗa ta bi ta bayanka.

Ƙura ita ce abin da muka fi rainawa, kuma ita ce ta fi damuna, saboda cutarta ba ta nuna kanta da wuri. Tun a 1995 hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji, musamman ta cikin hanci. Ƙurar iroko da ta obeche, waɗanda muke aiki da su kullum, an san suna jawo asma, iroko kuma yana sa ƙaiƙayin fata. Hankici ko rawani da muke ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙura mai laushi, ita ce kuwa take isa huhu. Ka nemi takunkumi mai lamba N95 ko FFP2 wanda ya kama fuska sosai, da tabarau, da abin toshe kunne, domin ƙarar injin ta wuce desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, matakin da ake cewa daga nan ji yake fara lalacewa idan an daɗe. Idan tsohon fenti kake cirewa, ka fitar da aikin waje nesa da yara, saboda wasu fentin suna ɗauke da dalma.

Jakar ƙurar da ke jikin injin ka riƙa zazzage ta tun tana rabi. Ka duba katakon da kyau ka cire ko ka nutsar da duk wata ƙusa, domin ƙusa tana yaga bel, tana kuma fitar da tartsatsi, tartsatsin kuma yana iya shiga jakar ya yi ta ci a ɓoye har bayan an rufe shago. Saboda wannan dalili ba na goge ƙarfe da injin alhali jakar ƙurar katako tana jikinsa, kuma ba na barin ta da ƙura ta kwana. Idan ka gyara teburin, ƙanena, ka ɗauko hotonsa da rula a kai ka turo mana nan mu gani kafin ka shafa banish. Wassalamu alaikum.