Amsa ga ɗan'uwan da takunkumin CPAP ya hana barci

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka sai da jikina ya yi sanyi, don duk abin da ka lissafa, iska na hura maka ido, karan hanci ya yi gyambo, ka farka tsakar dare ka tarar ka cire takunkumin ka jefar ba ka ma sani ba, har kana tunanin maida na'urar cikin kwalinta, duk na sha su. Sannu, Allah Ya ba ka lafiya. Amma don girman Allah kada ka aje na'urar nan ta CPAP, mai hura maka iska ta takunkumi don kada numfashinka ya riƙa ɗaukewa cikin barci. Ba ita ke azabtar da kai ba, takunkumin ne ba na fuskarka ba.

Ka ce kana da gemu kuma irin mai rufe hanci da baki kake sawa. To nan gizo ke saƙar. Robar nan fata take so ta kwanta a kai, in ta hau gashi dole iska ta sami hanya, ko ka ja igiya har ta shige maka cikin kumatu. Kuma jan igiyar ma shi ke ƙara ɓata abin, don robar an yi ta ne iskar na'ura ta kumbura ta ta manne da kanta, in ka danne ta sai ta lanƙwashe ta buɗe kafa ta wajen ido. Gyambon karan hancinka daga nan ya fito. Ni ban aske gemuna ba kuma ba zan ce ka aske naka ba. Na koma ɗan ƙaramin nan mai kai biyu da ke zama bakin ƙofar hanci, nawa AirFit P10 ne na ResMed, bai taɓa gemu bai taɓa karan hanci, gashin baki kawai nake ragewa. Akwai DreamWear na Philips da robar ke zama ƙarƙashin hanci tiyon kuma ya fita ta saman kai, masu yawan juye-juye sun fi son shi. Kada wani ya ce maka dole sai takunkumin kamfanin na'urarka, bakin tiyon galibinsu ɗaya ne, milimita 22, in ka cire irin ƙananan na'urorin tafiya.

Wannan maganar ma ita ce ke tayar mani da hankali har yau. Wanda ya sayar mani da na farko a Kano, Allah Ya sani ban yafe mashi yadda ya yi mani ba. Na je da takardar likita a hannu, a gajiye, idona jajir, mutumin nan ko fuskata bai duba da kyau ba ya miƙo mani babban saiz ya ce ai kowane babban mutum wannan yake sawa. Na ce in gwada, ya ce ba a buɗe leda. Na biya kuɗin da na tara da ƙyar na kamo hanyar Katsina. Kafin sati ya zagayo karan hancina ya ɗaye, in na yi sujada sai na ji kamar an sa mani wuta a wurin, in na zo alwala ruwa ya taɓa sai na cije baki. Na kira shi ya ce in ƙara ɗaurewa. Na ƙara, abin ya ƙara lalacewa. Na sake shiga mota na koma mashi da kaina, ya dube ni gaban yaran shagonshi ya ce Alhaji ai kaya in ya taɓa fuska ya zama naka, kuma wai ni ne ban da haƙuri, wai turawa ma da haka suke kwana. Ashe cikin kwalin ma ya kamata a ce akwai takardar auna hanci, kamfanonin har a shafinsu na intanet suna sa ta kyauta ka buga ka yanke ka ɗora a fuska, shi ya san da haka bai faɗa mani ba don babban saiz ɗin ne ya yi mashi kwantai. Mutum ya zo maka da ciwo ka dube shi kamar kasuwa ta buɗe. Ba kuɗin ne ya fi ƙona mani rai ba, cewar da ya yi ban da haƙuri ne, alhali kwana nake zaune bakin gado da takunkumi a hannu ina rasa yadda zan yi.

A wannan tsakanin da gyambon ya hana ni sa shi ne abin ya kusa kai mu lahira. Muna dawowa daga Kano da iyali, da rana tsaka, mun wuce Kankiya kaɗan, ni dai na san ina riƙe da sitiyari, abin da na ji kawai ihun maiɗakina tana salati tana bugun kafaɗata, mota ta sauka titi tana cin ƙasa, yara sun rikice da kuka a baya. Allah ne Ya tsare, babu abin da ya same mu. Na tsaya gefen hanya hannuna na rawa na kasa ko buɗe ƙofa. Ƙaramar 'yata ta ce Baba barci kake yi? Har yau in na tuna muryarta sai ƙirjina ya yi nauyi. Shi ya sa in na ji wani cikinmu ya ce zai aje na'ura nake jin tsoro, ciwon nan na ɗaukewar numfashi cikin barci ba minshari kawai ba ne, ga hawan jini ga zuciya ga gyangyaɗi kan titi. In kana tuƙi ɗan'uwa, a kwanakin nan da ba ka samun barci ka ba wani mota.

To in za ka sayi wani, kada ka gwada a zaune. Ka kwanta, a kunna na'ura a kan lambar iskar da likita ya sa maka, ka juya dama ka juya hagu, don fuska a kwance daban take da fuska a zaune. Wanda ya ƙi yarda ka auna ka bar mashi kayanshi. Mai kai biyun nan yawanci yana zuwa da saiz uku cikin kwali, ka gwada duka, ni na tsakiya ne ya zauna mani. Kwanakin farko bakin hanci zai yi ɗan zafi, yana wucewa. Amma kada ka shafa basilin ko man zafi, suna ɓata robar, kuma maiƙon fuska ma na sa ta zame, ni ina wanke fuska da sabulu bayan isha'i kafin in sa. Robar kuma kowace safiya ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, a shanya a inuwa, ba cikin ranar Katsina ba.

Abu guda dai, in da baki kake numfashi, ko hancinka kullum a toshe yake, ƙaramin zai iya ba ka wahala, iska ta shiga ta hanci ta fice ta baki ka tashi maƙogwaro a bushe ƙamas. Akwai ɗan maɗaurin haɓa da ake sawa, wasu ya yi masu. In bai yi ba akwai wani takunkumin ResMed, AirFit F30, yana rufe baki amma ƙarƙashin hanci yake tsayawa, bai hawa inda gyambonka yake. Shi ma dai gemu na iya ba shi matsala. Toshewar hancin kuma a kai wa likitan hanci da kunne ya duba, kada a yi ta canza takunkumi a banza. Haka in lambar iskarka ta yi sama sosai, na'urorin daga 4 zuwa 20 suke, wasu na jin ƙaramin na hura masu hanci da ƙarfi, wannan magana ce tsakaninka da likitanka, kada ka taɓa lambar da kanka.

Af, ga hunturu ma. Lokacin nan ne hancina ke tsagewa har jini, sai na ƙara lambar tururin ruwan da na'urar ke haɗawa da iska daga ɗan tankinta. Ruwan distil, wato tatacce marar gishiri, nake samu a kemis, na burtsatse yana barin farin gishiri a gindin tankin. Filtar baya kuma ka riƙa dubawa, ƙurar nan cikin ɗan lokaci take maida ta ja. Na san tururin na shan batir in an ɗauke wuta kana kan sola, ni in na ga caji ya yi ƙasa shi nake kashewa in bar iskar. Kuma ƙananan hudojin nan na jikin takunkumi da iska ke fita kullum, don Allah kada ka liƙe su da salatif, na ga wani ya ba da wannan shawarar kwanaki raina ya ɓaci, ta nan numfashin da ka fitar yake ficewa. In takunkumin da za ka saya mai maganaɗisu ne a maɗauri kuma kai ko maiɗakinka akwai mai na'urar bugun zuciya a jiki, ka tambayi likita tukuna, kamfanonin da kansu sun yi gargaɗi a kan haka.

Cirewar da kake yi cikin barci kuma, ka riƙa sa shi da rana bayan azahar kana sauraren rediyo, na'ura a kunne, ko minti ashirin ne, jiki ya saba da shi ido biyu. Gyambon ka bari ya warke, kada ka sake ɗora roba a kai, in ya fara ruwa ka je a duba shi.

Ka rubuto mana sunan takunkumin da saiz ɗinshi da lambar iskarka, kuma ka faɗa mana ko bakinka na bushewa da asuba. In kana cikin garin Katsina ka yi mani magana ta ciki, in zo maka da takardar awon hancin in nuna maka nawa ka gani da idonka kafin ka sake kashe ko sisi.